Ƙullutun Saje a Hanyar Sakkwato

Zuru, Talata

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na bar gida da kwalba a jaka, cikin kwalbar kuma wani yanki ne na yayana. Saje Ishaku ke nan, tsohon soja da harsashi bai taɓa samu ba, sai ga ƙullutu kamar ƙwan agwagwa ya kwantar da shi ta cinya. Likita ya yanke shi, ya tsoma a ruwan magani, ya ce kansar tsoka ce, amma iri-iri ce: wata in an cire ta tafi ke nan, wata takan dawo ta bi jiki. Sai an kai naman Sakkwato an duba wata alama ta furotin kafin a san wacce ce, a kuma san ko za a bar masa ƙafar.

Saje ya ce ba inda za a kai naman sai an gama girbin dawa. Umarnin soja, wa zai ja? Kwalba ta yi mako biyar a ɗakin matarsa Saratu. Da ta miƙo mini ita naɗe cikin sabon ɗankwali, cewa ta yi, "Malam, riƙe da kyau, mijina ne." Ni malamin firamare ne, don haka duk wahalar da ke buƙatar Turanci a kaina take sauka.

Mahuta zuwa Koko

Motar ta mutum bakwai ce, mu goma sha ɗaya muka shiga, ban da akuya. Bakwai da rabi muka tarar da shinge gaban Mahuta. Mai shingen ya leƙo.

"Mi ke cikin kwalbar ga?"

"Cinyar yayana ce, ranka ya daɗe."

Direba ya waiwayo ya ce, "Malam, in nama ne kuɗin kaya daban ne hwa." Mai shinge ya sa na buɗe, ya shinshina, ya ce shi ƙanshin lemun tsami ma yake ji. Har wani alfahari na ji, wai namanmu mai tsabta ne. Dubi wauta. Ranar aikin da idona na ga ruwan nan yana sa mutum hawaye, amma ban tambayi kaina inda warin ya tafi ba.

A Koko muka ci tuwon shinkafa da miyar kuka, naira sittin. Na ce mai tuwo ta bar namanta.

Sakkwato, Laraba

Jiya ta Jega muka bi, muka iso uku da kwata, an tashi daga ɗakin gwaji. Na kwana a bariki wurin wani ɗan garinmu. Tara na safe na tsaya gaban wata likita 'yar siririya mai tabarau. Ta yi mini bayani a natse: za su yanka naman siriri, su ɗiga masa rini, in alamar ta fito da yawa to ciwon mai gudu ne. Sannan ta buɗe kwalba, ta shinshina, ta taɓa naman da ƙarfe ya wargaje.

"Malam, ina ruwan da aka sa shi a ciki?"

Na fita wurin mai waya a ƙarƙashin lema, na buga gidan maƙwabcinmu aka kira Saratu.

"Ruwan nan mai warin gawa? Ai ranar na zubar. Kullum safe nake wanke shi da gishiri da lemun tsami. Haba Malam, naman mijina zan bari cikin ƙazanta?"

Raina ya ɓaci, amma me zan ce wa matar da ta yi mako biyar tana yi wa kansar mijinta wanka saboda ƙauna? Likita ta ce ruwan nan mai wari shi ke tsare naman yadda yake, yanzu ba sauran abin karantawa. "Sai dai a jira. In ƙullutun ya dawo ku kawo sabo, kuma kada kowa ya yi masa wanka."

Gida, Alhamis

Biyar na yamma na sami Saje a gindin mangwaro yana sauraren rediyo. Na faɗa masa komai, Saratu na tsaye da kofin ruwan da ta kawo mini. Bai yi faɗa ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya naɗe wandonsa, ya kama yatsana ya ɗora gefen tabon ɗinki. Wani abu ne mai tauri, kamar ƙwayar gurjiya.

"Tun kafin mu gama girbi na ji shi," in ji shi. "Ba sai furotin ɗinku ya faɗa ba."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa ɗan garinmu da ya ba ni tabarma, da likitar da ba ta yi mini dariya a gabana ba. Ranar Litinin Saje da kansa zai shiga motar nan, da ƙafafunsa biyu. Saratu ta tambaye ni ko da biyun zai dawo, na ce mata ban sani ba.