Ƙofar da Iya Kaltume Ta Ƙi Shiga

Har yau in na ji ƙanshin turaren wuta ya gauraya da ƙaurin roba mai zafi, sai in ga kaina a ɗakin Iya Kaltume, a gidanmu na Zango, na naɗe ƙafa a bakin tabarma. Daga nan sai sautin ya biyo: tilin-tilin-tin! Ku da kuka san ta kun san wannan sautin. Shi ke nuna hantsi ya yi, Iya ta gama lazimi, ta sha kununta, ta yaye ɗan zanen da take lulluɓe na'urar wasanta da shi, ta zagaya ta da kaskon turare, sannan ta dubi tele, wato talabijin, ta ce, "Salamu alaikum, Malam Tsito. An tashi lafiya?"

Malam Tsito ɗan mutum ne na cikin tele, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Ba shi da aiki sai gudu ya nufi dama, ya tsallake rami, ya kauce wa jemagu da harshen wuta. Iya kuwa kakata ce, mahaifiyar babanmu. Ta haura saba'in, ba ta taɓa taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba, amma duk Zango babu mai riƙe manet, wato abin da ake dannawa a tafiyar da wasan, kamar yadda take riƙewa.

Na'urar ta Kawu Mamman ce, autanta. A Kano ya sayo ta, a shekarun da irinsu suka fara shigowa Damagaram cikin kwalaye masu rubutun Sin. Da wasa ya koya mata, yana dariya tana zaginsa. Sannan ya tafi Libiya neman aiki, ni ina goye a lokacin. Ya yi waya ƴan lokuta, daga nan shiru. Ba wanda ya ce ya mutu, ba wanda ya ce ya gan shi. Iya ba ta yi kuka a gabanmu ba. Manet ta ɗauka.

Mu yara abu ɗaya ne ya dame mu. Kowa ya san a ƙarshen wasan akwai wata baƙar ƙofa, kuma babu wanda ya taɓa ganin bayanta. Wasu sun ce birnin zinariya ne, wasu sun ce teku. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tabki ba, tekun nake fata. Duk unguwa mun san in akwai mai kai mu can, to Iya ce.

Amma kafin a kai ga ƙofa, sai an bi dokokinta.

In kaset ya ƙi kamawa, tele ta cika da zane-zane kamar an watsa tsakiya a ƙasa, yara kan cire shi su hura masa iska. Iya ta ce wannan rashin tarbiyya ne. "Hurawa? Sai ka ce wutar murhu?" Ita sai ta cire shi da hannun dama, ta karanta Ƙulhuwallahu, ta yi masa tofi, tuf-tuf-tuf, ta mayar. Wallahi sai ya kama! Labari ya bazu. Yara har daga unguwar Birni suke takowa da kaset a aljihu, su durƙusa a ƙofar ɗakinta kamar masu kawo jinjiri mai zazzaɓi.

Yaya Habu, wana, yana lise, babbar sakandare, a lokacin, kansa ya cika da ilimi. Ya ce, "Iya, ƙura ce kawai. Iska ke fitar da ita, ba addu'a ba."

Ta miƙa masa kaset ɗin. "To angona, ga shi. Hura masa da Faransanci mu gani."

Ya hura, ya hura, har idonsa ya yi ja. Kaset ya ƙi kamawa. Ta karɓa, ta tofa, ta mayar: tilin-tilin-tin! Ta dube shi ta gefen ido. "Ka gani? Ɗan Musulmi ne."

Akwai kuma wani kaset na harbin agwagi, da bindigarsa ta roba. Ranar da ta fara ganin agwagwa ta faɗo daga sama, salati ta saka. "Haba, yaran nan! Tsuntsu ya faɗi babu bismillah? Wa zai ci wannan?" Muka ce Iya, ai ba ci ake yi ba. Ta ce to wannan ya fi muni, ɓarna ce ke nan. Daga ranar duk mai harbi sai ya yi bismillah cikakkiya kafin ya danna. Agwagin nan kuwa ba sa jira.

"Iya, kafin in kai rahmanir-rahim ta wuce!" in ji Yaya Habu.

"To kwananta bai ƙare ba. Kai ne mai rayawa?"

Babban laifi a wurinta shi ne wasa da ran Malam Tsito. Rai uku ake ba shi a kowace tafiya, kuma Iya tana tattalinsu kamar gero a ƙarshen rani. Wata bakans, lokacin hutun makaranta, ɗan ƙanwar babanmu, Sani, ya zo daga Gouna, bai taɓa ganin irin abin nan ba. Aka ba shi manet. Ramin farko ya jefa bawan Allah. Ya sake, ya sake jefa shi. Na uku ma ramin nan dai. Iya ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! An ba mutum rai uku, ka ƙarar masa kafin ruwan shayi ya tafasa? Me ya yi maka?"

Ta tashi ta ɗebo gyaɗa a kwano, ta ce ya fita ya raba wa yaran ƙofar gida. Sani ya ce, "Ta mece ce, Iya?" Ta ce, "Sadakar mamacinka. Ka ce su yi masa addu'a, kai kuma su nema maka shiriya."

In ta karɓi manet da kanta, ɗakin kan yi tsit. Manyan yatsunta sun saba da ɓarar gyaɗa da saƙar faifai tun tana yarinya, ba sa gajiya, ba sa kuskure. Ba ta karkata jiki, ba ta cije leɓe irin namu. Tana zaune a miƙe kamar mai jiran liman, hasken tele yana wasa a kan zanen fuskarta, Malam Tsito kuma yana shawagi tsakanin wuta da wuta kamar wanda aka yi wa alkawarin ba zai ƙone ba. Nakan manta da haɗiye miyau. Ina kallonta ina mamakin yadda wasu mutane a wata ƙasa mai nisa suka zauna suka dunƙule duwatsu da koguna da sararin sama cikin ɗan akwatin da bai kai kwanon sha ba, abin ya ƙetare teku, ya hau mota, ya zo ya sami tsohuwar da ta fi kowa gane shi.

Na'urorin wancan zamani ba su san ajiya ba. In an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, duk nisan da aka yi ya tafi, sai a koma farko. Mu mu yi ta ihu, ita ta ce, "Madalla, ya koma gida ya huta." Ga kuma baƙin dunƙulen da ake sokawa a bango, wanda kan yi zafi har ya fara ƙauri. Iya ta ɗora shi kan jiƙaƙƙen tsumma, ta sa mu yi masa fifita bi da bi. Shi ne kuɗin kallo. A tsakiyar bazara, mu muna jiƙe da gumi, dunƙulen roba ne ke shan iska.

Ranar da ta fara kaiwa ƙofar, wata Asabar ce da kuran ya yi mana mutunci. Kafin ka ce me, ɗakin ya cika. Innarmu ta bar tukunya a wuta, mai kabu-kabun da ya kawo Goggo Hadiza, ƙanwar babanmu, ya manta da babur ɗinsa ya leƙo ta taga. Ga ta nan: baƙar ƙofa, doguwa, a buɗe, taku kaɗan tsakaninta da Malam Tsito. Na riƙe gefen zanen Iya ina cewa a raina, teku, teku.

Sai ta ajiye manet.

"Azahar ta yi," in ji ta.

"Iya, ko sha ɗaya ba ta yi ba!"

"To alwala ba ta son gaggawa." Ta miƙa hannu ta kashe.

Haka ta riƙa yi mana shekara da shekaru. Ta kai bakin ƙofa, sai ta tuna ba a ba akuya ruwa ba. Ta kai, sai idonta ya fara yaji. Wata rana cewa ta yi ba a shiga gidan mutane da rana tsaka ba a aika ba. Na taɓa yi mata magiya har da hawaye. Ta shafa kaina ta ce, "Ƙawata, me kike ci na sauri? Ƙofa ai ba guduwa za ta yi ba."

Sau ɗaya Yaya Habu ya yi ƙarfin hali. Tana ajiye manet ya fizga. Ban taɓa sanin tsohuwa na da irin wannan zafin nama ba. Kafin ya danna, ta tumɓuke wayar daga bango, tele ta yi baƙi. Ba ta yi tsawa ba, ba ta kira shi angonta ba. Ta ce, "Habubakar, ƙofar nan ba taka ba ce." Muka fita ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi dariya. Da la'asar ta aika masa da fura, maganar ta wuce, mu kuma muka ci gaba da cewa rigimar tsufa ce.

Ina shekarar farko a jami'a ta rasu. Ranar sadakar bakwai muna zaune a ɗakinta, ana ta tuna tofin kaset da agwagin da suka tsira, ana dariya ana share ido. Na ce ni dai har yanzu ina jin haushin ƙofar nan. Goggo Hadiza ta dube ni.

"Au, ba ku sani ba? Da safen da Mamman zai tafi tasha, ta riƙe masa riga ta ƙi saki. Shi ne ya ɗora mata abin nan a cinya ya ce, 'Iya, ki yi ta yi. Kafin ki kai ƙarshensa na dawo.'" Goggo ta gyara lulluɓinta. "To ta yaya za ta ƙarasa? Ta mayar da ɗanta maƙaryaci?"

Allah Ya jiƙan Iya Kaltume, Ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sa muka sanyaya wa ɗan dunƙulen roba. Ya buɗe mata ƙofar da ta fi kowace ƙofa, ta shiga ba tare da fargaba ba. In autanta ya riga ta, Allah Ya sa shi ne ya tarbe ta. In kuma yana raye a wani wuri, Allah Ya nuna masa hanyar gida.

Na daɗe da gama jami'a kafin in zauna in karanta tarihin waɗannan na'urori a wayata. Na ga ashe yaran Japan da na Amirka ma hura kaset suke yi, kuma ba iskar ke gyara shi ba, cirewa da mayarwar ce. Da Iya da Yaya Habu duk ba wanda ya ci gardamar. Sannan na ga wani abin da ya sa na ajiye wayar. Da yawa daga wasannin farko ba a yi musu ƙarshe ba. Na ɗauki kaset ɗin Iya na kai wa wani mai gyaran tele a kasuwa, wanda ya yi yarintarsa a kansu. Yana ganin hoton jikinsa ya yi murmushi. Na ce me ke bayan baƙar ƙofa?

Ya ce, "Ba komai, ƙanwata. In ka shiga, sai ka ga kanka a farkon wasan, a ƙofar gida. Wannan ai ba ya ƙarewa."