Kwaɗon Akwatin Luba

Duk wanda ya taɓa yar da makulli tsakanin Tudun Wada da Doguwa ya san Malam Shitu. Rumfarsa tana bakin kasuwa, ba komai a cikinta sai teburi, magagari uku da 'yan wayoyin da ya lanƙwasa da hannunsa. Mutum ne da magana ke yi wa tsada. In ka gaishe shi ya amsa, to ka samu rabonka na ranar.

A Riruwai ya koyi sana'ar, zamanin da haƙar kuza ke ci, wurin wani dattijo Maikano. Shekara guda cur Maikano bai bar shi ya yanka makulli ba. Sai ya ɗaure masa ido da ƙyalle, ya miƙa masa kwaɗo da waya, ya ce ya lalubo abin da ke ciki. A haka yatsunsa suka koyi bambanta kwaɗon da tsatsa ta cinye da wanda ƙasa ce kawai ta shige shi. Ranar da zai sallame shi ya kafa masa doka biyu. Kada ya fasa kwaɗo, don ko wawa ya iya riƙe guduma. Kuma kada ya taɓa kwaɗon da mai shi bai ce a taɓa ba.

"Hannunka da na ɓarawo iri ɗaya ne," in ji Maikano. "Izini kaɗai ya raba ku."

Shitu ya riƙe maganar nan gam, ta kuma jawo masa baƙin jini. Ya sha korar mai son a buɗe masa shagon ɗan'uwansa a bayan ido, ya ce sai ga mai shago ko mai unguwa. Aka ce masa mai taurin kai, bai ko ɗaga kai ba.

A gidansa ma akwai kwaɗo. Makon da matarsa Luba ta tare ya sa wa akwatinta na ƙarfe, ya yanka makulli guda ya ba ta, bai ajiye wa kansa na biyu ba. Takan tsokane shi in za ta unguwa: "Malam, ga akwati nan, ai ka san hanya." Shi kuma ya ce Allah ya kiyaye hanya. Shekara arba'in da ɗaya akwatin yana kusurwar ɗaki, bai taɓa kai masa hannu ba.

Luba ta rasu a daminar bara, masara tana fidda gemu. Kafin nan hannun Shitu ya fara rawa, har ya daina fita rumfa, don kunyar a ga waya tana karkarwa a yatsunsa. Bayan sadakar arba'in aka zo rabon kayanta, aka nemi makulli sama ko ƙasa aka rasa. Da hantsi ƙanenta Uba ya shigo da guduma.

"Malam Shitu, ka yi haƙuri, bugu ɗaya ne an wuce wurin," ya ce.

Shitu ya ji abin har cikin ransa. A ce a gidansa, a kan idonsa, a fasa kwaɗon da shi ya sa? Amma mai akwatin tana ƙarƙashin ƙasa, ba ta kuma ce masa ya buɗe ba. Ya juya ga 'yarsu Hussaina, wadda ita kaɗai suka haifa.

"Kina da haƙƙi a cikinsa yanzu. Me kika ce?"

"Ka buɗe, Baba," ta ce.

Ya durƙusa ya yi bisimilla. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don ya san in hannun ya ƙi, gudumar tana jira. Ya rufe ido yadda aka koya masa. Sau biyu wayar tana kuskure ramin, a na uku ta shiga. Ya laluba, sai ya ji wayam, babu abin da ya tokare ta. Ya zare wayar, ya ɗan ja kwaɗon da yatsa biyu, ya buɗe ba gardama.

Ya juya shi a tafin hannu ya leƙa. Ƙarfen da ke riƙe bakinsa ya karye, tsatsa ta rufe karayar har ta yi baƙi. Ba sai an gaya masa ba, wannan ɓarna ta haura shekara ashirin. Hussaina ta ɗaga murfin, ƙamshin turaren uwarta ya cika ɗakin. A kan zanen da ke sama, ga makullin nan ɗaure da zare, shi ma ya yi tsatsa.

Ashe tun tuni Luba maƙala kwaɗon kawai take yi. Tana auren mai gyara, amma ba ta taɓa ce masa ya gyara ba.

Uba ya ajiye gudumar a hankali. "Ikon Allah. Me ya hana ta faɗa maka?"

Hussaina ce ta amsa, tana share ido da gefen mayafi: "Kawu, wa za ta kulle wa?"

Malam Shitu ya sake duban kwaɗon da ke tafin hannunsa. Ranar jana'iza ya daure, amma yau hawaye suka ci ƙarfinsa, ya bar su suna zuba a kan gemunsa. Da aka gama rabo aka tambaye shi abin da zai ɗauka. Ya ce a bar masa kwaɗon.