Takardar da Na Ƙi Sa wa Hannu

Har yau ban manta da ranar da na ƙi sa hannu a takardar Buba ba. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya daga zamanin aikina, ku da kuke kama aikin lafiya yanzu, to shi zan ba ku.

Lokacin an gama yaƙin basasa da 'yan shekaru, kuɗin mai ya fara shigowa, ko'ina ka duba ana fasa dutse ana zuba kwalta. Ni kuwa ina malamin ɗakin shan magani a Kazaure. Ga wanda bai riski zamanin ba, malamin ɗakin shan magani ba likita ba ne. An koya mana wanke gyambo, ɗinke rauni, yin allura, ba da maganin zazzaɓi, sannan mu gane ciwon da ya fi ƙarfinmu mu tura shi babban asibiti a Kano. Amma da yake babu likita a kusa, duk garin Likita ake kirana. Shugabana wani sufeto ne, Mista Yohanna, mutumin Filato. Sau ɗaya a wata yake zagayowa ya duba mu, daga nan ya wuce Roni da Gwiwa.

Garin yana da ƙungiyar ƙwallo, kuma duk bayan kaka, in an gama kai amfanin gona gida, akan buga gasa tsakanin garuruwan yankin. Shekara uku a jere Babura ce ke fitar da mu. A wannan shekarar ne aka samu Buba. Bafulatani ne daga wata ruga kusa da Roni, ya shigo gari yana lebura wajen masu aikin hanya. Dogo, siriri, marar magana. In ya ja ƙwallo kuwa, sai dai 'yan baya su bi shi da kallo. Tun ranar da ya fara fitowa atisaye mutane suka daina cewa in Allah ya ba mu kofi, suka koma cewa ranar da za mu ɗauko kofi.

Matattarar magoya baya ita ce shagon Malam Inuwa tela. Dattijo ne da ya ba hamsin baya, bai taɓa buga ƙwallo ba a rayuwarsa, amma babu ɗan wasan da bai san sunan uwarsa da ubansa ba. Shi ya ɗinka wa ƙungiyar sababbin riguna kore shar. Kullum bayan la'asar bencinan ƙofar shagonsa cike suke, ana gardamar ƙwallo nawa za a zura wa Babura. Masu sauƙin kai su ce uku, Malam Inuwa ya ce biyar, huɗu daga ciki na Buba. Wani kafinta har ya kafa katako a bangon shagon inda za a ɗora kofin. Ɗanjuma direba ya yi alkawarin kwasar jama'a a babbar motarsa zuwa Babura ranar wasan farko. Makaɗa sun riga sun fara gwada waƙar dawowa. Ni ma nakan zauna a can in na tashi daga aiki, ana tsokanata, don kowa ya san ni ɗan Kanya Babba ne, ƙasar Babura.

Saura mako uku a fara, sai masu shirya gasar suka aiko da sabuwar doka: duk ɗan wasa sai ya kawo takardar shaidar lafiya mai sa hannu da hatimin ma'aikacin lafiya. Aikin ya faɗo kaina. Ƙa'idar ita ce ka duba idon mutum, ka saurari ƙirjinsa, ka danna cikinsa, sannan ya tsaya a tsaye ya yi tari kana taɓa matsematsinsa. Na duba mutum goma sha bakwai na buga musu hatimi. Buba ne na ƙarshe, kuma na lura tun safe yake barin wasu suna wuce shi a layi.

Da ya yi tari sai na ji abu ya bugi yatsuna. Na ce ya sake. Ya sake, ya kau da kai.

Gwaiwa ce, kuma ba ƙarama ba. Kun san ta, hanji ne ke leƙowa ta wata kafa a ƙasan mara. Muddin yana komawa da sauƙi, mutum yana harkarsa. Ranar da ya shaƙe kuwa, in ba a yi aiki cikin 'yan sa'o'i ba, sai dai a yi jana'iza. Tasa ta fara wuyar komawa, ga ɗaukar dutse kullum, ga gudu da tsalle da duka a fili.

Na ce, "Buba, tun yaushe?"

Ya ce, "Tun damina, Malam. Ina ɗaure ta da ƙyalle in zan yi wasa. Ba ta hana ni komai."

Na ce, "Ba zan sa hannu ba. Sai an yi maka aiki a Kano."

Ya ɗaure wandonsa. Can ya ce, "To don girman Allah kada ka faɗa wa kowa dalili. Ka san mutanen garin nan. In suka ji, daga ranar sunana ya tashi daga Buba, har in mutu da wani sunan za a kira ni."

Gaskiya ya faɗa. A zamanin nan mai gwaiwa abin ba'a ne, har waƙa ake yi masa. Na yi masa alkawari.

Kafin azahar Malam Inuwa ya iso, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Ko zama bai yi ba.

"Likita, an ce takarda ɗaya ta ɓace maka."

"Ba ta ɓace ba, Malam Inuwa. Ban sa hannu ba ne."

"Me ke damunsa? Yaron da jiya ya yi tsere da keke ya wuce shi?"

"Ba zan iya faɗa ba."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Kanya Babba." Ya juya ya fita.

Shi ke nan, gari ya ɗauka. Wai 'yan'uwana na Babura ne suka gan ni a ɓoye suka saye ni. Babu wanda ya zage ni ido da ido, amma in na yi sallama a masallaci sai a amsa a taƙaice. Mahauci ya koma zuba mini ƙashi. In na doso shagon tela hira ta mutu, sai ƙarar keken ɗinki kawai. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni sukuni shi ne layin marasa lafiya ya ragu. Wasu magidanta sun hana matansu kawo yara allura, wai mutumin da zai ci amanar gari ba a ba shi ɗa. Sau da dama na ji kamar in je in tsaya a ƙofar shagon in faɗi kalma ɗaya kowa ya huta. Sai in tuna yadda Buba ya kau da kai.

Ana cikin haka Mista Yohanna ya zo zagaye. Tun bai sauka daga mota ba magoya baya suka tare shi da ƙarata. Ya saurare su tsaf, ya shigo ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Garba, me ka gani?"

Shi ma'aikacin lafiya ne kuma shugabana, don haka na gaya masa. Ya sa aka kira Buba, ya nemi izininsa, ya duba shi da kansa. Da ya wanke hannu sai ya ce da ni, "Da ka buga hatimin nan, da ni zan fara kai ƙararka. Amma in zaman ya yi maka zafi, zan iya mai da kai Gwiwa na wata biyu."

Na ce, "Yallaɓai, in na tafi sun tabbatar ke nan. Ka bar ni."

Ya rubuta wa Buba takardar zuwa Kano, ya ce in raka shi. A can likita ya duba, ya sa ranar aiki, amma ya ce dole a zo da mutum biyu da za su ba da jini a ajiye, haka dokarsu take. Dangin Buba kuwa sun riga sun kora shanu kudu neman ciyawa, babu mai sanin inda suka sauka. A hanyar dawowa na ce masa, "Ni zan ba da ɗaya. Na biyun kai za ka nemo, ni ba ni da bakin roƙon kowa ba tare da na faɗi dalili ba."

Kwana biyu ban gan shi ba. A na uku, bayan la'asar, ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin magani ya ce, "Malam, raka ni shagon tela."

Mun tarar da bencina a cike. Buba ya durƙusa ya gaida manya, ya miƙe, yana kallon ƙasa. Mutumin da ba a taɓa jin ya haɗa jimla uku a cikin taro ba ya ce, "Baba Inuwa, ku daina zargin Malam. Gwaiwa gare ni. Ni na roƙe shi ya rufa mini asiri, ya rufa. Za a yi mini aiki ran Talata, ana neman jini, dangina ba sa nan."

Can baya wani ya fara ƙunshe dariya. Malam Inuwa ya buga almakashi a kan tebur har tsumma ya tashi.

"Wanda ya yi dariya, ko na ji ya laƙaba wa yaron nan suna, shi da bencin nan har abada. Kun ji ni?"

Sannan ya juyo wajena, idonsa ya kaɗa. "Likita, haka ka bar ni kwana goma sha wani abu ina ɗaukar alhakinka? Ko raɗa ba ka yi mini ba?"

Na ce, "Ba maganata ba ce, Malam Inuwa. Tasa ce."

Ya matsa ya ba ni wuri a bencinsa, ya aika a kawo mini shayi. Bai ce in yafe masa ba a ranar, amma mako na zagayowa aka kawo mini sabuwar farar rigar aiki, daidai jikina, ban san lokacin da ya auna ni da ido ba.

Ku sani, a lokacin nan ba da jini abin tsoro ne. Mutane sun yi imani in an ɗebi jininka ƙarfinka ya tafi ke nan. Na yi zaton da ƙyar za a samu mutum ɗaya. Ran Litinin da safe na fito, sai ga motar Ɗanjuma, wadda aka tanada don zuwa Babura, cike da mutane har kan ƙarfe, wasu sanye da korayen rigunan ƙungiya. Na ce mutum ɗaya fa ake nema. Ɗanjuma ya ce, "To su zaɓa a can."

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta fito ta ga layi har bakin ƙofa, ta tambaya ko haɗari aka yi. Malam Inuwa ne a gaba, ya nannaɗe hannun riga, yana cewa a fara da shi, jininsa kore ne kamar rigar ƙungiya. Ta zaro allura. Ya dube ta, ya ce "La'ilaha", ya sulale ƙasa a sume. Sai da muka yayyafa masa ruwa. Da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya shi ne, "An ɗiba?" Aka ce a'a. Ya ce, "To a rufe mini ido a ɗiba." Ba su yarda ba saboda shekarunsa. Suka ɗebi nawa, da na Ɗanjuma, da na mahaucin nan mai zuba mini ƙashi, da na wasu da dama, suka ce zai yi wa wasu marasa lafiya amfani.

Aiki ya yi kyau. Likitan ya kira ni gefe ya ce hanjin ya fara mannewa, da an ƙara 'yan makonni yana gudu a kai, da labarin ya sha bamban. Ya ce wata uku ba ƙwallo, ba ɗaukar dutse. Magoya baya suka raba kwana, kullum daga wani gida ake kai masa abinci, har ya yi ƙiba.

Ranar wasan farko muka je Babura, ina gefen fili da akwatin magani. Buba na zaune a benci, Malam Inuwa riƙe da laima a kansa kamar wani hakimi. Suka ci mu biyu ba ko ɗaya. 'Yan'uwana na Kanya Babba suna ta yi mini gwalo daga wancan ɓangaren. Muka hau mota muka kamo hanyar gida. Ba mu yi nisa ba Malam Inuwa ya gyara murya ya ce, "Ku duba fa, ba Buba, biyu kawai suka iya. Baɗi in ya dawo da sabon ciki, shida za mu ba su." Kafin mu iso gida an koma gardamar ko shida ne ko bakwai, makaɗa sun ɗauki ganga. Buba ya dawo baɗin, ya yi shekaru yana bugawa, kuma ban taɓa jin wanda ya kira shi da wani suna ba.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Za a kawo muku takardu iri-iri, mai kawowa yana murmushi, gari duka na bayansa. Hannunku da hatiminku suna cewa ne kun duba, kuma abin da kuka gani ke nan. Ciwon mutum kuwa nasa ne, shi ke da ikon faɗa, ko da shirun zai jawo muku baƙin jini. Amma kada ku ƙullaci mutanen da suka juya muku baya a irin wannan hali. Waɗanda suka daina amsa mini sallama saboda Buba, su ne suka cika mota suka miƙa hannu a ɗebi jininsu saboda shi. Son abu ɗaya ne ya sa su yin duka biyun. In kuka yi haƙuri kuka tsaya a wurinku, za ku ga na biyun.