Farar Tirelar Maigidana

Jama'a, yau saura ƙiris a tafi da tirelar kwana ta maigidana a kan idona!

Muna sansanin hutu kusa da garin Shamal, can arewa da Doha, ni ke gadi. Ina idar da azahar, sai na ga wani direba ya ɗaura ta a motarsa. Na sha gabansa!

Ya ce, "Yalla, matsa! Kafil ɗina, wato uban gidana, ya ce in ɗauko farar tirela."

Na ce, "Bawan Allah, dukkansu farare ne. Karanto lambar izininku na zama a sansanin nan."

Ya karanto. Na buɗe littafin da nake rubuta lambar kowane maƙwabci. Tasu tana bayan tudun yashi!

Yana kwance ƙugiya, taga ta buɗe. Mahaifiyar maigida ta leƙo: "Wa ke girgiza mini ɗaki?"

Da na matsa, da tsohuwa tana hanyar Doha!