Mirzokarim da Motarsa Mai Dizal

Mirzokarim, mijin yayata Bibisoro, mai gyaran famfo ne a birnin Dushanbe, kuma in ya kafe a kan magana ko jaki ya fi shi saurin juyawa. Da ya tashi sayen mota, ya zaɓo ƙarama mai dogon baya, irin wadda ake kwantar da kujerunta ta koma shimfiɗa. Dillalai suka ce ga mai fetur, ga mai gas. Ya ce shi sai mai dizal, ita ke hawa dutse ba ta haki.

Na ce, "Yaya Mirzo, kai da ita wa ya fi ƙara da safe?"

"Sauka ki tura mana, tunda bakinki ya fi injin ƙarfi."

Motar nan ta ɗauki dankali, ta ɗauki raguna da amare, jikoki kuwa har cikin but. Da ciwo ya ci Yaya Bibisoro, likita ya ce a koma gida, abu ɗaya ta roƙa: a kai ta ƙauyenmu bayan dutsen Anzob, ta cika a ɗakin da aka haife mu. Tsakiyar sanyi ne. Mirzokarim ya kwantar da kujeru, ya jera katifun auduga, ta miƙe ƙafa son ranta. Sai dai man da ya ɗura ragowar na lokacin zafi ne da ya ajiye a jarka, irin wanda in ya sha sanyi yake daskarewa kamar kitse.

Muna kaiwa saman dutsen injin ya mutu. Ya fita cikin ƙanƙara, ya hura wuta a gwangwani, ya tura ƙarƙashin tanki yadda direbobin manyan motoci ke yi, ya durƙusa yana fifita.

Yaya ta ce, "Ƙanwata, me yake dafa mana?"

"Motar yake dafawa. Mutumin da ko shayi bai iya ba."

Ta yi dariya har ta shaƙe, ta kama hannuna.

Kafin injin ya tashi hannunta ya saki nawa, rai ya yi halinsa. Ya shigo yana murza tafi.

"Bibisoro, kin ji ta ko? Kafin la'asar muna gida."

Na ce, "Tuƙa a hankali, barci take."

Ya dube ni ta madubi, ya daɗe. Sannan ya ja motar. Har muka gangara kwari yana faɗa mata sunan kowane ƙauye da muka wuce.