Baba Sai-Na-Gani da Kantar da Ba Ta Girgiza

Kafin masu shagunan layin su ɗage ƙofofinsu, Baba Sai-Na-Gani ya riga ya share gaban rumfarsa, ya jera guntayen ƙarafa bisa tsayinsu, ya goge baƙin gilashin walda da gefen rigarsa. Daga nan sai ya zauna kan wata tsohuwar taya ya jira wuta. Idan an kawo ya tashi ya kama walda, idan ba a kawo ba ya ɗauki zarto da magagari, don a wurinsa ɗaukewar wuta ba ta taɓa zama hutu ba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Sunan nan halinsa ne ya jawo masa. Ba a taɓa jin farashi daga bakinsa ta waya ba. Ƙofa kake so, taga ce, gado ne, amsar ɗaya ce, sai ya gani. Zai zura tef ɗin awo da alli a aljihu ya bi ka har gida, ya tsaya yana yi maka tambayoyin da za ka rantse ba su shafi aikin ba. Masu gaggawa sun sha yi masa tsaki su tafi wurin wani, bayan wata biyu su dawo suna sosa ƙeya, ƙofar ta ƙi rufuwa. Tela mai makwabtaka da shi na nan da ransa, ku tambaye shi teburin da kekensa ke kai, shekara ashirin ke nan, ko ƙara bai taɓa yi ba. Amma aikin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wanda ya yi wa Injiniya.

Injiniya ba injiniya ba ne, malamin makaranta ne, matarsa ce ta laƙaba masa sunan don tsokana har ya bi shi. Tun yana saurayi Allah ya jarabce shi da son kayan sauti. Da ƙaramar rikoda ya fara, sai amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, sai miksa mai haɗa muryoyi, sai na'urar faifai, sai wasu akwatunan da shi kaɗai ya san aikinsu. Yawanci tsofaffi yake saya ya lallaɓa su har su tashi. Da su yake ɗaukar karatun ɗalibansa da hirar dattawan danginsu, da su kuma yake huce gajiyar alli. Sannu a hankali kayan suka cinye ɗakin ƙasa na gidan. Suna kan tebur, suna kan kujera, suna ƙasa kan kwali, wayoyi kuwa sun yi shimfiɗa, sai ka ɗaga ƙafa kake wucewa.

Ana nan sai Inna, mahaifiyarsa, ta faɗi a banɗaki. Ta yi wata biyu a asibiti, ta fito gwiwoyinta ba sa ɗaukarta, ko miƙewa daga bakin gado sai an kama ta. Hawa bene ya ƙare mata, ɗaki ɗaya ne kuma a ƙasa. Yaya, babbar yayarsa, wadda ba a mayar mata da magana a gidan, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare wa kayan kallo. Ta ce nan da mako uku za ta kawo Inna, kuma ba ta son ta tarar da ko waya ɗaya a ƙasa. Abin da ya shiga lungun da ke tsakanin taga da bango ya zauna, sauran a kai kasuwa.

Injiniya bai musa ba, wa zai fifita akwati a kan uwarsa? Amma zuciyarsa ta yi nauyi, don shekara ashirin na ransa ne zube a ɗakin nan. Ya bazama neman kantar ƙarfe irin wadda ake ɗaure na'urorin sauti a jiki. Ta shago tana da ɗan karen tsada, kuɗinta ya fi na amfilifayar da za ta ɗauka, kuma rabin kayansa ba za su shiga ba. Mai araha da ya gani, da yatsa ɗaya ya taɓa ta ta hau rawa. Wani kafinta ya ce zai yi masa kabad mai gilashi, Injiniya ya tuna kabad irin wannan ce ta taɓa dafa masa amfilifaya har ta yi hayaƙi, ya yi godiya ya fito. Kwana shida suka tafi a haka. Har ya fara rubuta sunayen waɗanda zai rabu da su, matarsa ta karɓe takardar ta ce ya je wurin mai waldar da ya yi musu gadon yara.

Baba ya zo da hantsi. Abin da ya fara aunawa bakin ƙofa ne, ya ce ya ga kantar da aka gama ta tsaf ta kwana a waje don ta fi ƙofa faɗi. Sannan ya ɗaga kowace na'ura da hannunsa ya ji nauyinta. Ya sa aka kunna su duka, ya nemi wuri ya zauna, ya yi kusan awa guda yana jira su ɗauki zafi, har Injiniya ya fara zaton barci yake. Can ya tashi ya bi su ɗaya bayan ɗaya da bayan hannunsa, wadda ya ji ta yi zafi ya ɗiga mata alli. Ya tambayi wacce ake murɗawa kullum, wacce kuma sai an shekara. Ya leƙa bayansu ya auna yadda kawunan wayoyi suka turo. Daga ƙarshe ya tambayi wa zai riƙa kwana a ɗakin. Da ya ji labarin Inna sai ya mayar da tef ɗin aljihu.

"Ina za a sa gadon?" ya ce. "Kuma wane hannu ne ya fi mata ƙarfi?"

Injiniya ya ce na dama, yana mamakin abin da ya haɗa hannun Inna da kantar amfilifaya. Baba ya zauna a daidai inda gadon zai kasance, ya miƙa hannun dama, ya ja layin alli a bango.

"Tsoho in zai tashi, abin da ke kusa yake kamawa," in ji shi. "Ko ka hana ta sai ta kama. Gara mu yi wadda za a kama."

Farashin da ya faɗa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ta shago ba, har Injiniya ya sake tambaya ko bai ji daidai ba. Sirrin ba wani abu ba ne. Baba ya je wurin masu tsoffin ƙarafa ya zaɓo gadaje biyu irin na da, masu kauri, waɗanda aka yar saboda tsatsa ta ci fentinsu. Ya kankare su, ya yanka, ya tayar da ginshiƙai huɗu. Na'urori masu kunnuwan ƙarfe a gefe za a ɗaure su da noti a ginshiƙan gaba, marasa kunnuwa ya yi musu faranti mai ramuka don iska ta ratsa. Ramukan noti kaɗai sun haura ɗari, kowanne da hannu ya auna shi ya huda.

Saura kwana huɗu Inna ta iso aka kawo kantar. Ta shige ƙofa ba ta goge ko fenti ba, ta zauna a lungun daram. Injiniya har ya fara washe baki, sai aka zo ɗaura babbar amfilifaya. Notin hagu ya shiga, na dama ya ƙi. Layin ramukan ginshiƙin dama ya sauka ƙasa da kaurin farce biyu. Injiniya ya ce abu mai sauƙi, a ɗan faɗaɗa ramin da magagari, wa zai gani? Baba ya daɗe yana shafa ramukan da yatsa.

"Ba ƙarfen ba ne," ya ce a hankali. "Idona ne ya fara yi mini ƙarya."

Ya ƙi faɗaɗa ramin, ya ce ramin da aka faɗaɗa yau shi ne zai saki noti baɗi, kuma tsohuwa ce za ta kwanta a ƙarƙashi. Ya sa aka mayar da kantar rumfa. Gaskiya ran Injiniya ya ɓaci, ya kuma ji tsoro, ya koma gida ya ciro takardar nan daga inda matarsa ta ɓoye ta. Baba kuwa ya yanke ginshiƙin dama ɗungurungum ya jefar. Ya ɗaure sabon ƙarfe a jikin na hagu mai kyau, ya riƙa zura injin huda ta tsohon rami yana fitar da sabo, yatsa na yi masa aikin ido. Tela ya ce kwana biyu bai ga ya ɗaga kai ya amsa gaisuwa ba.

Baba, a nan ne ka fi burge ni. Kai ne ka ga kuskuren da mai kaya ya yafe, ka ƙi yafe wa kanka. Kai ne ka faɗi abin da masu sana'a da yawa ke ɓoyewa har su ɓata sunansu, ka ce ido ya gaza, ba ka ɗora wa ƙarfe ko tef ba. Gwanin alli da zarto, mai auna mutum kafin ya auna bango, ka gama lafiya.

Ana gobe Inna za ta zo kantar ta dawo. Wannan karon kowane noti ya shige kamar a nan aka haife shi. Masu nauyi suka zauna ƙasa, masu zafi aka bar musu tazarar yatsu uku a sama, waɗanda ake murɗawa kullum suka tsaya daidai ƙirji. Wayoyin wuta suka bi ginshiƙi ɗaya, na sauti suka bi ɗayan, ko ɗaya bai taɓa ƙasa ba. Na'ura goma sha huɗu, duk suka shige lungun da a da kwandon shara ne kawai a ciki, har da gurbi biyu a sama da Baba ya bari, ya ce ya san irin su Injiniya, ba sa tuba. Ya huda bango ya ɗaure kantar da manyan noti huɗu. A gefen da ke kallon gado kuma ga wani bututun ƙarfe mai santsi, an lanƙwasa bakinsa, daidai layin allin nan.

Washegari Yaya ta riga motar Inna isowa. Ta duba ƙasa ba waya, ta ɗaga kai ta ga ƙarfe ya kusa kai rufi, nan take fuskarta ta canza. Ta ce wannan tulin ne zai tsaya a kan uwarta? A fitar da shi yanzun nan. Baba, da ya dawo tattara kayan aikinsa, ya dubi Yaya ya ce Hajiya ta taimaka ta kama ƙarfen nan ta ja da iya ƙarfinta, in ya motsa, shi da kansa zai kwance ya fitar. Yaya kuwa ba ƙaramar mace ba ce. Ta gyara mayafi, ta kama da hannu biyu ta ja, ta sake ja, har ta saki nauyinta duka a kai. Ko allurar da ke kan faifai ba ta yi tsalle ba. Ta saki tana haki, ta ce to, za dai a gani.

Aka shigo da Inna aka zaunar da ita a bakin gado. Ana ta sannu da zuwa, ana gyara matashi, ba wanda ya ce mata ga abin kamawa. Can ta so ta gyara zaninta. Hannunta na dama ya tafi da kansa ya sami bututun, ta riƙe, ta ja numfashi, ta miƙe tsaye. Wata uku rabon da ta tashi ba hannun mutum a hammatarta. Yaya ta juya baya tana share ido da bakin mayafi, Injiniya kuwa dariya yake hawaye na zuba, bai ma damu ya ɓoye ba.

"Wannan abin naka," Inna ta ce da shi tana tsaye, "kada wanda ya taɓa mini shi. Kunna mu ji."

Aikin nan ne ya sa Baba ya yanke shawarar ajiye walda. Ya ce gara ya sauka ana neman sa da a fara dawo masa da kaya. Ba za a yi taro ba, ba wanda zai ba shi lambar yabo, kuma wannan na ba ni haushi, don muna iya cika baki da yabon abin da aka sauke daga jirgi, mu wuce mai rumfar da ke bakin layinmu ko sannu babu. Masu walda, kafintoci, teloli, da duk mai yi wa mutane aikin hannu, ga abin koyi nan kusa da ku. Ku je ku ga wurin da aikinku zai zauna, ku tambayi wanda zai rayu da shi, in kun kuskure ku faɗa ku sake. Mu kuma masu kai aiki, mu riƙa haƙuri da mai yawan tambaya.

Baba, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idon nan haske, ya sa hutun ya yi maka daɗi. Injiniya ya ce a gaya maka bai sayar da ko waya ɗaya ba. Inna kuma ta aiko da nata saƙon, ta ce jiya sau biyar ta miƙe, ba ta kira kowa ba.