Lelya Nedyalka da Iskar Teceniye

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyarwa a makarantar renon yara ta unguwarmu a garin Troyan, amma in gaskiya za a bi, ajin ba nawa ba ne, na Nedyalka ne. Ni ce malama, ita mataimakiyata, sai dai ta riga ni shiga ɗakin nan da shekara ashirin. Yara na ce mata lelya, wato gwaggo. Iyayensu ma haka suke kiranta, don rabinsu ita ta share musu majina.

Ita ke raba banitsa, wainar nan tamu mai cuku, da safe, ita ke kai wannan bayi, ta canza wa wancan wando ba tare da 'yan'uwansa sun gane ya jiƙa ba. In yaro ya shigo yana kukan rabuwa da uwarsa, ba ta ɓata bakinta wajen rarrashi. Tsumma take miƙa masa ta ce, "Taya ni goge teburin nan, jarumi, bayana ya gaji." Kafin ka ankara kuka ya tsaya.

Aibinta ɗaya ne, kuma duk mu nan muna da shi, nata ne dai ya yi yawa: tsoron teceniye, iskar nan da ke ratsa ɗaki in an buɗe taga da ƙofa lokaci guda. A wurinta ciwon kunne teceniye ce, ciwon haƙori teceniye ce, mutuwar surukinta ma da ya haura tasa'in, teceniye ce.

Bara sabuwar shugabar makaranta ta ce duk mataimakiyar da ba ta da takardar shaida, ta nemo ko ta ajiye aiki. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Haba! Mace mai shekara hamsin da takwas za a mayar aji? Amma Nedyalka ba ta yi wata-wata ba. Ta shiga kwas na wata uku, tana haddace darasin tsafta da taimakon gaggawa da yadda hankalin yaro ke buɗewa. Jarrabawar rubutu da ƙyar ta tsallake. Saura ta aiki, wadda za a zo a gani da ido.

Mai jarrabawar, Madam Yankova, 'yar matashiya ce mai tabarau. Tun safe take bin Nedyalka da alƙalami, komai na tafiya daidai. Ana gab da barcin rana sai ta ce, "Yanzu a bar iska ta shiga. Buɗe tagogin nan biyu da ƙofar."

Na juya na dubi Nedyalka.

Nedyalka ta ce, "Da yaran a ciki?"

"Cewa na yi ki buɗe."

"'Yata, ba na yi."

Na taka mata ƙafa, na raɗa mata, "Lelya, aikinki fa."

Ta ce, "Ke Rositsa, ɗauke mini ƙafarki. Ni ma na san aikina ne."

Sai ta tafa hannu, ta jera yaran nan goma sha tara, ta kai su ɗakin cin abinci ta damƙa wa mai girki, ta rufo. Ta dawo ta naɗe kunnuwanta da gyale, ta wangale tagogi da ƙofa, ta tsaya a tsakiyar ɗaki kamar wadda za a yi wa allura. Iska na kaɗa labule, Madam Yankova na ta rubutu. Ni dai na sallama, don na san gardama da mai jarrabawa ba ta yi wa kowa rana. Tausayinta ya kama ni, har na fara tunanin yadda zan shiga ajin nan ba ita.

Can Madam Yankova ta rufe alƙalami ta ce, "Abin da nake so in gani ke nan. A fitar da yara tukuna. Kin ci."

Nedyalka ta ce, "Na ci?"

"Kin ci, lelya. Amma don girman Allah rufe ƙofar nan, wuyana ya fara riƙewa."

Nedyalka ta rufe ƙofar, ta bi tagogin ɗaya bayan ɗaya. A ta ƙarshe ta daɗe ba ta juyo ba. Sai da ta goge ido da bakin gyalenta, sannan ta tafi kwaso 'ya'yanta su zo su kwanta.